Haƙƙin Mai Gidan da Ya Rushe a Dukiyar Jama'a

Garin Dogondutsi, a ƙasar Arewa ta Jamhuriyar Nijar, yana zaune ne a gindin duwatsu, a gefen Dallol Mawri, kuma duk ruwan da ya sauka a kan tuddan marmara da ke kewaye sai ya nemi hanyarsa ta koramu zuwa kwari. Garuruwa da yawa na Arewa, daga Matankari zuwa Kiyeshe, Kore Mairuwa da Tibiri, wannan kwari suke bi, domin nan ne ruwan rijiya yake kusa, nan ne fadama take. Abin da ya jawo mutane wurin shi ne yake kayar musu da ɗaki idan watan Agusta ya zo da ƙarfinsa. A daminar 2024 hukumomin Nijar sun ƙidaya kusan mutum 400 da suka rasu a faɗin ƙasa, sama da mutum miliyan 1 da rabi da abin ya shafa, da gidaje fiye da 150,000 da suka rushe. Da yawa daga cikin mamatan gini ne ya faɗa musu. An ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa 28 ga watan, saboda azuzuwa da dama sun lalace, wasu kuma mutane ne ke kwana a cikinsu. A irin wannan lokaci, idan ana rubuta sunayen waɗanda za a ba hatsi da tabarmi da gidan sauro, akwai maganar da ba ta rasa fitowa daga bakin wani: ai wane shi ya ja wa kansa, ya ƙi neman gwani, ya ɗauko yaron da bai gama koyo ba don ya rage kuɗi. Maganar tana da nauyi, kuma a bayanta akwai tambaya ta addini da ta shari'a: mutumin da ya ba da aikin gidansa ga maginin da ba shi da shaidar hukuma, gidan ya faɗi, yana da haƙƙi a dukiyar jama'a ko ya zubar da shi da hannunsa?

Akwai ƙasar da ta amsa wannan tambaya a rubuce. A wasu jihohin Amurka, kamar Arizona, Florida, Nevada da Maryland, an kafa asusu na musamman da ake biyan mai gida daga cikinsa idan ɗan kwangila ya ɓata masa aiki ko ya gudu da kuɗinsa. A Arizona ana iya biyan mutum har dalar Amurka 30,000. Sharaɗin da ke gaba shi ne ɗan kwangilar ya kasance mai lasisi; wanda ya ɗauki marar lasisi, a ƙa'ida, ba shi da rabo. Kafin a yanke hukunci a kan wannan tsari, ya kamata a dubi inda kuɗin ke fitowa. 'Yan kwangila masu lasisi ne ke zuba shi a Arizona, duk lokacin da suka karɓi takardarsu ko suka sabunta ta. Asusun ke nan lamuni ne da 'yan sana'a ɗaya suka ɗauka wa junansu, hukuma tana riƙe da makullinsa. Idan suka ce ba za su biya ɓarnar wanda ba ya cikinsu ba, ba su zalunci kowa ba, musamman da yake mai gida a can yana iya duba sunan ɗan kwangila a rajistar jiha ta wayarsa kafin ya ba shi ko sisi. Ra'ayina shi ne wannan hukunci daidai ne a inda aka yi shi, amma zai zama zalunci idan aka ɗauko shi yadda yake aka ɗora wa mutumin Dankasari ko Gesheme. Dalili kuwa, hana mutum wani haƙƙi saboda ya saɓa sharaɗi ba ya halatta sai an fara kawo masa sharaɗin inda hannunsa zai kai, an sanar da shi, ya ƙi. Har ma bayan haka, abin da zai iya rasawa shi ne ramuwar asararsa. Abinci da wurin kwana suna da wani hukunci dabam.

A fara da duban wanda ke gini a Arewa. Mafi yawan ɗakunan da ke ƙauyukan nan na ƙasa ne, tubali ko birkin laka da aka buga a rani, aka rufa da itace da zana da laka, ko da kwano in hali ya samu. Mai gida da 'ya'yansa su ke buga birkin, maƙwabta su taimaka da gayya, a kira maginin unguwa ya ɗora. Shi maginin manomi ne da damina, ya koyi aikin a hannun ubansa ko ubangidansa, wani kuma a wajen cin rani ya koya, yana lebura a Yamai ko Sakkwato ko Legas, ya dawo da cokalin gini da igiya. Ciniki da baki ake yi, shaidu su ne waɗanda ke zaune a wurin. Nijar tana da dokokin tsara birane da na gini, akwai izinin gini da ake nema a ofishin magajin gari, akwai ƙungiyar masu zanen gine-gine, akwai kamfanonin da ke da takardar karɓar kwangilar gwamnati. Amma waɗannan duka duniyar bene ce da ofis da ginin makaranta. Injiniya ba ya zuwa Sukukutan don a ɗora ɗaki ɗaya da zaure, kuma ko ya zo, ladansa kaɗai ya fi kuɗin ɗakin. Wanda ya ce wa mutumin nan me ya sa ba ka ɗauki mai takarda ba, yana tuhumarsa ne da barin wani zaɓi da bai taɓa kasancewa a gabansa ba. Mafi yawan malaman usulu sun tafi a kan cewa ba a ɗora wa mutum abin da ba shi da iko a kansa, ƙarshen Suratul Baƙara kuma a kan haka yake. Hukumar da ta ɗora irin wannan sharaɗi ta zarce iyakar da shari'a ta tsaya.

To, idan aikin ya ɓaci, wa shari'a ke fara kamawa? Amsar tsohuwa ce ƙwarai. Dokokin Hamurabi, sarkin Babila, kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun wajabta wa magini ya sake tayar da gidan da ya faɗi daga aljihunsa, kuma suka yanke masa kisa idan mai gidan ya mutu a ciki. Musulunci bai kai ga wannan tsanani ba, amma ya ajiye nauyin a wuri ɗaya. Akwai hadisi a wajen Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah da ke nuna cewa wanda ya shiga aikin likitanci alhali ba a san shi da ilimin ba, shi zai biya ɓarnar da ya yi. Ba a ce majinyaci ya rasa haƙƙinsa don ya kai kansa wurin wanda bai iya ba. Wanda ya yi da'awar iyawa shi aka kama. Imamu Malik ya tafi a kan cewa masu sana'a suna lamunin kayan mutane da suka tafi da su wurin aikinsu, hukuncin da aka jingina wa Sayyidina Ali bisa dalilin cewa al'amarin mutane ba zai gyaru ba sai da haka, Shaɗibi kuma ya kawo shi a matsayin misalin hukuncin da aka gina a kan maslaha. Magini yana aiki ne a gidan mai aiki, don haka ba a kama shi sai da sakaci ko ƙetare iyaka ko yaudara, amma karɓar aikin da mutum ya san bai iya ba yaudara ce tun daga tushe. Ita ma dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, a aya ta 1792, ta ɗora wa mai zane da ɗan kwangila alhakin gini na tsawon shekara goma idan ya rushe saboda aibin aiki ko na ƙasar da aka yi shi. Hikimar da ta haɗa waɗannan hukunce-hukunce ita ce bambancin sani. Magini ya san buhun siminti birki nawa ya kamata ya fitar, ya san yashin da laka ta yi wa yawa, ya san yaɓen siminti a kan bangon ƙasa yakan ɓaɓɓake ya tara ruwa a bayansa. Mai gida bango mai santsi kawai yake gani. Aibin gini yana ɓoye ne a ƙarƙashin yaɓe, sai ruwa ya tona shi bayan shekara biyu ko uku.

Sai dai hukunci a takarda ba ya tayar da ɗaki. Maginin da za a kai ƙara gaban maigari ko fadar Sarkin Arewa ko ta Samna a Tibiri, sau da yawa shi ma ɗakinsa ya faɗi a daren nan, ba shi da abin da za a karɓa in ban da jaki da ɗan gero. Wannan giɓi ne asusun Amurka ya zo ya cike, kuma kada a ɗauka tunanin baƙo ne ga fiƙihu. Diyyar kisan kuskure ba a kan mai laifin kaɗai take ba, danginsa ta wajen uba ke rarraba ta a tsakaninsu cikin shekara uku, kuma a zamanin Sayyidina Umar an mayar da ita kan mutanen da sunayensu ke rajista ɗaya ta diwani. Jama'ar da ta haɗu a kan wani abu tana iya ɗaukar nauyin kuskuren ɗanta. Amma a lura da jerin abubuwan: rajista ce ke fara samuwa, sannan lamuni ya biyo baya. Inda ba a rubuta magina ba, ba a karɓi ko sisi daga hannunsu ba, babu asusun 'yan sana'a da za a ce wani ya fita daga cikinsa. Abin da ke akwai shi ne baitulmali, kuɗin harajin kowa da taimakon da aka karɓa da sunan kowa, kuma shi ƙa'idarsa ba ta kwangila ba ce.

A nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a daɗe, domin nassoshin a fili suke. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, cikinsu akwai faƙirai, miskinai da waɗanda bashi ya danne. An ruwaito daga Mujahid, ɗalibin Ibn Abbas, cewa wanda ambaliya ta tafi da dukiyarsa da wanda gobara ta cinye tasa suna cikin wannan kaso na ƙarshe. A Sahihu Muslim akwai hadisin Ƙabisa ɗan Mukhariƙ, inda Manzon Allah (SAW) ya ware mutum uku da roƙo ya halatta gare su: wanda ya ɗauki bashi don sulhunta mutane, wanda annoba ta share masa dukiya, da wanda talauci ya kama. Na ukun ne kaɗai aka nemi mutum uku masu hankali daga mutanensa su shaide shi. Wanda annoba ta same shi ba a nema masa shaida ba, saboda asararsa a bayyane take, kuma ba a ce a binciki yadda ya tsare dukiyar kafin ta halaka ba. An ce a ba shi har ya samu abin da zai miƙe da shi. Malikiyya sun san toshe ƙofa saboda laifi, amma dubi inda suka toshe ta: a Mukhtasar na Khalil, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, mai bashin da ake hana zakka shi ne wanda ya ci bashin don ɓarna, irin giya da caca, kuma shi ma idan ya tuba, zance mafi kyau shi ne a ba shi. Idan ɗan caca da ya tuba yana da rabo, da wane ma'auni za a hana manomin da laifinsa bai wuce ya ɗauki magini mai sauƙin kuɗi don ya rufa wa iyalinsa asiri ba? Neman arha ba saɓo ba ne. Sayyidina Umar a shekarar yunwa ta 18 bayan hijira ya ciyar da dubban mutanen da suka kwararo Madina, ba a ruwaito ya tsaya tantance wanda ya yi tanadi da wanda bai yi ba. Kuma a bayan kowane mai gida akwai mata da yara da tsofaffi waɗanda ba a shawarce su ba ranar da aka yi ciniki da magini. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa ba a ɗora wa rai nauyin laifin wani.

Mai musu zai ce addinin nan da kake kafa hujja da shi bai yarda da sakaci ba, kuma yana da gaskiya. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke cewa wanda ya kwana a kan soron da ba shi da kariya a gefensa ya fita daga alkawarin tsaro, wato idan ya faɗo kada ya zargi kowa. Mai musu zai ce wanda ya kwantar da 'ya'yansa a ƙarƙashin rufin da ya san rubabbe ne bai bambanta da wannan ba. Hujjar tana da ƙarfi, amma ƙarfinta yana cikin kalmar sani. Mai kwana a soro yana ganin gefen da idonsa. Haɗarin ba ya buƙatar gwani ya bayyana masa. Fiƙihu yana da mas'alar da ta fi wannan kusa da maganarmu, ita ce ta bangon da ya karkata. Idan mutum ya gina bangonsa daidai, daga baya ya karkata zuwa hanya ya faɗa wa wani, Malikiyya ba su ɗora masa lamuni ba sai in an gargaɗe shi, an kafa shaida a kan gargaɗin, ya samu lokacin da zai iya gyarawa bai gyara ba, ko kuwa haɗarin ya bayyana ta yadda ba ya ɓuya ga kowa. Wannan hukunci ne a kan ran wani da ya salwanta, amma duk da haka ba a kama mai bango ba sai bayan gargaɗi da iko. Ina ganin wannan shi ne ma'aunin da ya dace da dukan mas'alar. Abin tambaya game da mai gidan da ya rushe shi ne ko an faɗa masa, ko yana da halin yin wani abu dabam, ko ya ƙi. Takardar magini tana iya zama hanyar gargaɗi a ƙasar da ta kai ta kowane gari. A inda ba ta kai ba, rashinta ba ya shaida komai a kan mai gida.

Musu na biyu na masu lissafi ne, kuma ba na raina shi. Baitulmalin Nijar ƙarami ne, buƙatu sun fi shi yawa. Idan kowa ya san za a biya shi ko yaya ya yi gini, wa zai ƙara kashe kuɗi a kan harsashin dutse da indararo mai kyau? Wanda ya sayar da ragonsa ya ɗauki gwani, gidansa ya tsaya, ba a ba shi komai. Maƙwabcinsa da ya yi ha'inci ya samu. Wannan bai zama an saka wa mai sakaci an hukunta mai kula ba? Amsa ta farko ita ce a dubi girman abin da ake bayarwa. Buhun hatsi da bargo da tabarmi ba su kai kuɗin ɗaki ba, balle ran yaro. Babu uban da zai yi ginin da zai faɗa wa 'ya'yansa da tsakar dare don kwaɗayin buhun shinkafa. Wanda gidansa ya tsaya kuwa ya riga ya karɓi ladan kularsa, domin yana kwana a ɗakinsa, rumbunsa na nan, bai kwashe iyalinsa zuwa ajin makaranta ba. Amsa ta biyu ita ce tsoron nan yana da wuri, amma wurinsa shi ne ramuwar asara, idan wata rana aka kafa asusun da zai biya mutum kuɗin gininsa. A can ne ya halatta a gindaya sharuɗɗa, a fifita wanda ya bi ƙa'ida, domin kuɗi ne mai yawa kuma yana iya canza halin mutane. Haɗa waɗannan abubuwa biyu, ceton mai buƙata da biyan wanda aka cuta, shi ke sa mutanen kirki su yanke hukunci mai tsauri da zuciya ɗaya. Ƙarancin dukiya kuma, a fiƙihun zakka, ana magance shi ne da fara ba wanda ya fi buƙata. Tsohuwar da ɗakinta ɗaya ya faɗi tana gaban ɗan kasuwar da katangarsa ta zube, ko da shi injiniya ya yi masa aiki.

Daga ɗaya ɓangaren akwai masu cewa duk wannan bincike ɓata lokaci ne, ruwa na Allah ne, abin da aka ƙaddara ba makawa. Wannan magana ba ta taimaki talaka ba, ko da ta yi kama da tausayi, domin ita ce mafakar maginin da ya rage siminti ya sayar, da jami'in da ya yanka filaye a kan hanyar korama ya raba wa mutane. Imani da ƙaddara bai taɓa soke lamuni ba. Da ya soke, da babu babin diyya a littattafan fiƙihu. Amma akwai abin da ke gaskiya a cikinta wanda masu son tsaurarawa ke mantawa: raba aikin ruwa da aikin magini bayan gini ya zama tsibin laka abu ne mai wuya ƙwarai. A farkon Satumba na 2024 tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19 wanda gwanayen zamaninsa suka ɗora, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Ginin da ya yi sama da shekara 150 a tsaye ba za a ce rashin iya aiki ya kayar da shi ba. Ɗakin ƙasa yakan faɗi ne idan ruwa ya kwanta a gindinsa kwana biyu, ko gara ta cinye itacen rufi, ko indararo ya toshe laka ta jiƙe ta yi nauyi. Wani lokaci sanadin yana can nesa, a kan tudun da aka sare itatuwansa har ruwa ya daina tsayawa, ko a hanyar mota da aka ɗaga ba a yi mata isasshiyar magudana ba. Kwamitin da zai shiga ƙauye ya ce wannan ɗaki laifin magini ne, wancan na ruwa ne, zai yi ta yanke hukunci ne da zato, kuma an san wanda zato yakan faɗa wa: wanda ba shi da kowa a ofis.

Idan hukuma tana son wata rana ta iya cewa mun gargaɗe ka, akwai aikin da ke gabanta, kuma ba sabo ba ne a tarihin Musulmi ko na Hausawa. Mai hisba a biranen Andalus da Magrib yana duba aikin magina. Littafin hisba na Ibn Abdun, mutumin Ishbiliya na ƙarni na 12, har girman tubali da kaurin itacen rufi ya yi magana a kai. A Tunis ta ƙarni na 14 an yi wani magini, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba bango da magudana idan an kawo ƙara, ya kuma rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini bisa mazhabar Malik. A ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Magina, kuma sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bai ɓace ba. Wannan duka tantancewa ce: 'yan sana'a sun san wanda ya ƙware da wanda bai kai ba, gari ya san wanda zai kira. Falke Barmu na Yama, a jihar Tawa, manomi ne kuma maginin ƙauye, masallacin ƙasa da ya fara ɗorawa a 1962 ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Duk tsarin tantancewar da zai bar irin Falke Barmu a waje ya shigar da mai kamfanin da bai taɓa riƙe cokalin gini ba, tsarin ne ke da aibi. An kuma gwada horar da maginan ƙauye a nan kusa: tun 1980, a Cikal ta ƙasar Filinge, aka fara koyar da ginin ƙasa mai rufin baka da tuluwa wanda ba ya buƙatar itace, a daidai lokacin da azarar giginya ta fara wuya, kuma maginan da suka koya sun yaɗa shi zuwa wasu sassan Nijar da maƙwabta. Saboda haka rubuta sunayen maginan kowace ƙaramar hukuma, daga Dogonkiriya zuwa Dumega, bisa shaidar tsofaffin gwanaye da sarakuna, a ba su ɗan horo a kan harsashi da magudana da awon siminti, a liƙa sunayen a inda kowa zai gani, a sanar a masallaci da rediyon gari, a kafa alama a wuraren da ruwa ke bi, ba abu ne da ya fi ƙarfin gwamnati ba. Idan maginan da aka rubuta suka riƙa zuba ɗan wani abu duk shekara, asusun lamuni ya samu ke nan, kuma ranar nan sharaɗin Arizona zai fara zama adalci a Arewa.

Ko kafin a kai can, akwai mai gidan da ni ma ba zan tsaya masa ba a batun ramuwa. Shi ne wanda magini ya ce masa wannan wuri hanyar ruwa ce ya ce a ɗora, wanda aka ce masa buhu goma ake buƙata ya kawo shida ya ce a lallaɓa, wanda maigari ya aika masa a gaban shaidu cewa katangarsa ta karkata ya share. Wannan an gargaɗe shi, yana da iko, ya ƙi. Asarar gininsa tasa ce, kuma maginin da ya yarda ya yi aikin a haka ya yi tarayya da shi a alhakin duk wanda abin ya shafa, domin bai kamata gwani ya sayar da saninsa don kada aiki ya kuɓuce masa ba. Hukuncin ya fi tsanani idan gidan na haya ne, kamar ɗakunan da ake jerawa a cikin garin Dogondutsi don ma'aikata da ɗalibai da baƙi. Mai irin wannan gida ba shi ke kwana a ƙarƙashin rufin ba, don haka tsoron da ke hana uba yin ha'inci a ɗakin 'ya'yansa ba ya aiki a kansa, kuma yawanci yana da halin neman ƙwararre. Dokar farar hula, a aya ta 1386, ta ɗora wa mai gini alhakin ɓarnar da rushewarsa ta jawo idan rashin gyara ko aibin gini ne sanadi, mas'alar bangon da ya karkata ma haka ta nuna. Idan irin wannan gida ya faɗi, sunan ɗan haya ne ya kamata a rubuta a takardar agaji, shi da ya rasa katifarsa da tukwanensa da wurin kwana, sannan a taimaka masa ya nemi haƙƙinsa daga mai gidan a gaban alƙali.